Me Ake Koya wa Jikan Fatake a Ajin Ciniki?

Bayan sallar isha'i yayata ta kira ni, murya a sama kamar wadda aka yi wa sata. Ɗanta na biyu ya gama sakandare bana, an kuma ɗauke shi a kwalejin fasaha ta Jidda. Ita ta sa rai zai karanta lantarki ko kanikancin mota, sai ga shi ya zaɓi sashen da Larabawa ke kira taswiƙ, wato harkar tallata haja da sayar da ita. "Ƙanina, kai ne kawunsa, kuma kai ka san kasuwa," in ji ta. "Inna ta yi shekara talatin tana sayar da goro da turare a Sharar Mansur, da cinikin nan ta aurar da mu. Wa ya taɓa kai ta aji? Yanzu yaro zai ɓata shekara biyu da ɗoriya don a koya masa cewa 'albarka'?"

Na yi dariya, amma da na ajiye waya sai na ga tambayar ta wuce abin dariya. Duk Bahaushen da ke Makka ko Jidda ko Madina, mai jinsiyya ne, wato takardar zama ɗan ƙasar Saudiyya, ko mai igama, wato izinin zama na baƙo, gani yake ciniki a jininsa yake, kuma ba ƙarya ya yi ba. Kakanninmu da suka taho a ƙafa ta Fort Lami da Sudan har suka tsallako daga Sawakin, da saye da sayarwa suka ci da kansu a hanya. Ni kaina shekara goma sha huɗu na yi a shagon kayan sanyi, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da firji da firiza. Da dakon kaya na fara, na ƙare a tebur ina rubuta fatura, wato rasidin ciniki, kafin doka ta tashe ni daga teburin na koma sito. Saboda haka na ga al'amarin ta gaba, na gan shi ta baya.

Dokar da ta tashe ni ita ce ta sa karatun da yaron ya zaɓa ya yi daraja, don haka da ita ya kamata a fara. Tun 2011 aka shigo da tsarin Niɗaƙat, wanda ke auna kowane kamfani da yawan 'yan ƙasa da ya ɗauka aiki, ya sa masa launi: wanda ya faɗa ja sai sabunta takardun ma'aikatansa ya zame masa aiki, wanda ya hau kore ya samu sauƙi. A 2016 aka ce shagunan sayar da waya da gyaranta sun koma hannun 'yan ƙasa gaba ɗaya, cikin 'yan watanni kasuwar wayoyi ta titin Falasɗinu ta sake fuska. A farkon 2018 aka lissafa sana'o'in kanti goma sha biyu, har da motoci, tufafi, kayan ɗaki, agogo, tabarau, kayan lantarki, kayan gini, kayan asibiti da kayan gyaran mota, aka fara aiwatarwa daki-daki daga watan Satumba na shekarar, da sharaɗin kashi 70 cikin 100 na masu sayarwa su zama 'yan ƙasa. Namu layin na kayan lantarki a watan Nuwamba ya zo. Daga baya doka ta bar bakin kanti ta shiga ofis: a 2022 aka ɗora kashi 30 a kan ayyukan tallace-tallace, a ƙarshen 2023 kuma aka ɗora kashi 15 a kan ayyukan sayarwa na kamfanoni, irin su manajan ciniki da mandub, wato wakilin da ke fita da jaka ya je wa kwastoma har ofishinsa.

Ma'anar wannan ga yaro Bahaushe mai jinsiyya a fili take. Kujerun da shekara da shekaru Misirawa da Yamanawa da 'yan Indiya da 'yan Sham suka riƙe, yanzu kamfani neman wanda zai zauna a kai yake yi, ido rufe. Sai dai doka kujera kawai take ba ka. Na ga samari da yawa da aka ɗauka don a cika lissafi, aka ajiye su a bakin ƙofa da fararen riguna suna latsa waya, ainihin cinikin kuma wani ne ke yinsa daga ciki. Albashinsu ba ya wuce riyal 4,000 ɗin nan da doka ta gindaya tun 2021 kafin a ƙirga ɗan ƙasa a matsayin cikakken ma'aikaci ɗaya a Niɗaƙat. Shekara biyar za ka dawo ka same shi a nan, ko ka tarar ya bar aikin ya koma jigilar fasinja da mota. Wanda ya tsallake wannan ramin shi ne wanda kamfani ya ga in ya tafi kwastomomi za su bi shi.

To, me ke sa kwastoma ya bi mutum? Bari in ba da labarin wautar da na taɓa yi, don ita ta fara koya mini.

Wata Hajiya ce mai dafa wa alhazai abinci, tuwo da miyar kuka da waina, ta zo daga Makka ana saura wata biyu aikin Hajji tana neman firiza. A lokacin bakina ya fi reza kaifi. Kafin ta gama gaisuwa na kai ta gaban mafi girma a shagon, na buɗe murfi, na lissafa mata raguna nawa zai ci, na rantse da ingancinsa, na rage mata riyal ɗari. Ta biya, na ji daɗi, maigida ya dafa kafaɗata. Washegari direba ya kira ni daga gindin wani dutse. Gidan Hajiya a sama yake, matakala ce siririya ake bi, mutum huɗu suka yi ta fama har suka kai shi bakin ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Da aka leƙa ciki kuma, tsohon gida ne mai wutar nan da muke kira 110, firizan kuwa na 220 ne. Aka sauko da shi ya ƙuje ta gefe biyu. Maigida ya cire asarar daga albashina wata uku, Hajiya kuwa ban sake ganin ƙeyarta ba, ita da duk matan da take dafa abinci tare da su. Tambaya uku kacal da na yi da ba a kai ga haka ba: ina gidan yake, yaya faɗin ƙofar, wace wuta ce a ciki.

Abin da ake kira cinikin shawara ke nan a taƙaice, wanda Larabawa ke cewa bai'ul istishari: mai sayarwa ya zauna a mazaunin likita, ya binciki ciwon kafin ya ɗauko magani. Sunan ya yaɗu ne daga Amurka tun wajen 1970, lokacin da wani mai ba kamfanoni shawara, Mack Hanan, ya yi rubutu a kai, yana cewa wakilin kamfani ya daina tallar kayansa, ya koma nuna wa mai saye yadda ribarsa za ta ƙaru. Wanda ya kafa abin a kan bincike shi ne Neil Rackham, Bature ɗan Ingila masanin halayyar ɗan Adam. Shi da mutanensa sun shekara goma sha biyu suna bin masu sayarwa, suka saurari zaman ciniki kusan 35,000, manyan kamfanoni irin su Xerox da IBM suka tallafa wa aikin, aka buga sakamakon a 1988. Abin da suka gano ya ba tsofaffin 'yan kasuwa haushi. Dabarun matsa wa mutum ya biya yanzu-yanzu, irin su "saura ɗaya" da "gobe farashi zai tashi", suna aiki a ƙaramin ciniki. Da zarar kuɗin ya yi nauyi kuwa, sai su koma korar mai saye. Waɗanda suka fi sayar da kaya masu tsada su ne waɗanda suka fi iya tambaya, suka bar mai saye ya fi su magana.

Nan ne amsar yayata take. Cinikin Inna na goro ciniki ne da ake gamawa a tsaye. Mai saye ya san goro, ya san ɗan Gwanja ya san daushe, in ya yi kuskure riyal biyu ya yi asara, gobe ya canza mai goro. A irin wannan kasuwa fara'a da zaƙin baki da gyara su ne jari, kuma Inna ta fi duk wani malamin kwaleji sanin su. Amma a ce mai otal a unguwar Aziziyya ta Makka zai sayi mukayyif ɗari biyu, ko asibiti zai sayi na'urar gwajin jini, ko kamfani zai sayi manhajar lissafi da ta dace da tsarin fatura ta intanet da hukumar zakka da haraji ta wajabta tun Disamban 2021. Mai sayen bai san kayan kamar yadda mai sayarwa ya san su ba. Kuɗin ba na aljihunsa ba ne shi kaɗai, akwai akanta da injiniya da mai kamfani da kowa zai sa baki. In ya yi kuskure, shekara goma zai zauna da shi, wataƙila ma ya rasa aikinsa. Irin wannan mutum tsoro ne ya fi yawa a ransa, mai surutu kuma ƙara masa tsoron yake.

Tambayoyin da Rackham ya tsara hawa huɗu ne, kuma na ga amfaninsu da idona ko da yake ban san sunansu ba sai daga baya. Da fari kana tambayar halin da ake ciki: ɗaki nawa ne, wace na'ura ake amfani da ita yanzu, shekararta nawa. Waɗannan ba a yawaita su, don suna gundurar mutum, kuma mai hankali yakan binciko rabinsu tun kafin ya zo. Daga nan sai ka nemi inda ke ciwo: tana yawan lalacewa ne, kuɗin wuta ne ya yi yawa, ko ƙara ce ke hana baƙi barci? Yawancin masu sayarwa a nan suke tsayawa, da sun ji ciwo sai su zaro kasida su fara wa'azi. Hawa na uku shi ne mai wuya, shi ne kuma ke raba gwani da ɗan koyo: ka sa mutum ya auna abin da ciwon ke jawo masa. In mukayyif ya mutu a daren 27 ga Ramadan, nawa kake ba da hayar ɗakin a daren? Baƙon da ya kwana cikin zufa, wakilin da ya kawo shi zai dawo maka baɗi? Mai gyara awa nawa yake ɗauka kafin ya iso a cunkoson Makka? Na huɗu kuma ka bar shi da bakinsa ya faɗi amfanin maganin: in da za a samu wadda ba ta mutuwa a tsakiyar mausim, wato lokacin cikowar baƙi, da me zai canza maka? Abin da mutum ya faɗa da bakinsa ba ya musunsa.

Wani zai ce ai wannan wayo ne kawai aka yi wa kwalliya, ana jan mutum da tambaya har ya faɗa rami da ƙafarsa. Zargin yana da tushe, zan kuma dawo kansa. Amma kafin nan a dubi ɗaya rabin sana'ar, wanda shi ne na fi ganin samarinmu na gudu: lissafi.

Tun Janairun 2018 kuɗin wutar gida ya koma halala 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya) a kan kowane kilowat na awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura haka kuma halala 30. Harajin kaya da aka fara da kashi 5 a 2018 ɗin ya koma kashi 15 a Yulin 2020. Tun daga nan mai saye ya fara duba takardar nan mai launi-launi da ake mannawa a jikin na'ura don nuna cin wutarta. Mu ƙaddara wani Alhaji yana da gida mai ɗaki goma a kan mita ɗaya, yana zaɓi tsakanin mukayyif na taga mai araha da na bango mai tsimin wuta. Mu ce na tagar yana cin kilowat 2, na bangon kuma 1.3, kowanne yana aiki awa 12 a rana. A wata, na taga goma za su ci 7,200, kuɗinsu riyal 1,440, don 1,200 na sama sun faɗa farashi mai tsada. Na bango goma za su ci 4,680, kuɗinsu wajen riyal 842. Bambancin ya kusa riyal 600 duk wata, ban da haraji. In kowane na bango ya fi na taga tsada da riyal 900, wato 9,000 a jimla, cikin wata goma sha biyar na aiki ya biya kansa, sauran shekarun riba ce. Mai sayarwar da ya zauna ya yi wannan lissafi a gaban Alhaji, a bayan takardar farashi, ba ya buƙatar rantsuwa ko ɗaya. Araha ba ta ado, kowa ya san karin maganar, amma sai an ga alƙaluma ake yarda.

Yanzu a ƙara tambaya ɗaya: Alhaji, gidan nan duk shekara ake zaune a ciki? Sai ya ce a'a, na mausim ne, Ramadan da Hajji kawai ake buɗe shi. Lissafi ya juye. Wata biyu a shekara na nufin riyal 1,200 zai riƙa ragewa, sai ya shekara bakwai da rabi kafin ya mayar da 9,000 ɗinsa, ga ƙura da ke kashe na'urar da ke zaune ba aiki. Shawarar gaskiya a nan ita ce ya sayi mai arahar. Kamashon mai sayarwa kuma a kan mai tsadar ya fi kauri, ga manaja na jiran a cika adadin wata, abin da a kamfanoni ake kira target, yau kuma 28 ga wata.

A nan ake gane ko cinikin shawara sana'a ce ko yaudara. Tsarin biyan mandub a mafi yawan kamfanoni albashi ne ɗan kaɗan, sai umula, wato kamasho, a kan abin da ya sayar, wani lokaci da mota da kuɗin mai. Tsarin da kansa yana tura mutum ya sayar da abin da ya fi kawo masa, ko ya dace da mai saye ko bai dace ba. Wanda ya koyi tambayoyin nan huɗu ba tare da tsoron Allah ba ya fi ɗan talla mai ihu haɗari, don shi ɗan talla kowa ya san tallarsa yake, wannan kuwa ya shigo ne da rigar mai ba da shawara. Malamanmu sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan. Hadisi ne sananne a Abu Dawuda da Tirmizi cewa wanda aka nemi shawararsa, amana aka ba shi. A Bukhari da Muslim kuma, daga Hakimu ɗan Hizamu, an ce mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Kalmar "bayyana" ita ce ta fi tsaya mini. Ba ƙarya kaɗai aka hana ba, har da yin shiru a kan abin da ka san da mai saye ya sani da ya fasa.

Ko ta fuskar kasuwa zalla, wanda ya gaya wa Alhaji ya sayi mai araha bai yi asara ba, jinkiri ya yi. Alhajin nan yana da suruki mai otal, yana da aboki mai makaranta. Mu Hausawa ma mun san wannan tsari tun kafin a haifi Rackham. Dillalin shanu ko fatoman da baƙo ke sauka a gidansa da kaya, la'adarsa kaɗan ce a kan kowane ciniki, arzikinsa yana ga cewa bafatake ɗaya zai shekara ashirin yana sauka wurinsa, ya kuma kawo ɗansa. Ranar da ya haɗa baki aka cuci baƙonsa, ranar gidansa ya mutu. Abin da ya ɓata sunan dillanci a yau shi ne 'yan kayi-na-yi da ba sa tsammanin sake ganin mai saye.

To me kwalejin ke ƙarawa a kan abin da muka gada? Kwalejojin fasaha na ƙasar nan suna ƙarƙashin hukumar horar da sana'o'i da fasaha ta gwamnati, wadda aka kafa a 1980, ta kuma buɗe kwalejinta ta farko a Riyad a 1983. Yau akwai su a Jidda da Makka da Madina da sauran garuruwa, na maza daban na mata daban. Difloma ake bayarwa, ɗan ƙasa ba ya biyan kuɗin karatun safe, har alawus ake ba shi duk wata. Taswiƙ yana cikin sashen fasahar gudanarwa, tare da akanta da aikin ofis. A ciki ana karanta dabarun sayarwa, halayyar mai saye, binciken kasuwa, hanyoyin rarraba kaya, tushen lissafin kuɗi, kwamfuta da Turanci. Zangon ƙarshe kuma ba a aji ake yinsa ba, tura ɗalibi ake yi wani kamfani ya yi aiki, abin da suke kira tadribut ta'awuni.

A ganina abu uku ne a nan da shagon kasuwar Bab Makka ta Jidda ba zai ba yaro ba ko ya shekara goma. Rubutu na farko. Babban ciniki a takarda yake tafiya: takardar tayin farashi, sharuɗɗan biya, garanti, ranar kai kaya, wasiƙar bibiya bayan zama. Gwamnati ma ta dandalin Etimad take fitar da kwangilolinta. Na san gwanayen baki da yawa da suka tsaya cak a nan, don ba za su iya rubuta shafi ɗaya mai tsabta da Larabcin ofis ba, balle Turanci. Sai ajiye bayani. Mandub na kamfani yana bin mutum hamsin ko ɗari a lokaci ɗaya, wani yau aka fara gaisawa, wani an kai masa farashi yana jiran sa hannun maigida, wani sai bayan Hajji kasafinsa zai fito. Akwai manhajojin da ake zuba duk wannan a ciki, kamfani kuma ba ya ɗaukar "yana kaina" a matsayin amsa. Na ukun shi ne damar yin kuskure kyauta. A aji ana haɗa ɗalibai biyu, ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa, malami na kallo yana tsayar da su. Kuskuren da ni na biya da albashin wata uku, shi da dariyar 'yan aji zai biya.

Abin da aji ba zai ba shi ba shi ne sanin kaya. Ba a ba da shawara a kan abin da ba a sani ba. Mai sayar da mukayyif dole ya san tan ɗaya na ƙarfin sanyaya wahda 12,000 ne, wato ma'aunin da Turawa ke kira BTU, ya san ɗakin da ke saman bene yana kallon yamma ba ɗaya yake da na ƙasa ba ko da faɗinsu ɗaya, ya san na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana yawan tsayawa da tashi, ta bar ɗakin da danshi, a garin da danshi ya riga ya yi yawa kamar Jidda. Shi ya sa ma nake ganin yayata ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba da ta so ya karanta lantarki. Mafi tsadar masu sayarwa a kamfanonin kayan aiki su ne waɗanda suka fito daga ɓangaren fasaha suka koyi ciniki daga baya. Wanda ya bi ta taswiƙ sai ya rama wannan da kansa: ya zaɓi layi ɗaya, ya manne wa masu haɗawa da masu gyara, ya hau rufi da su cikin zafin Agusta. Na gaya wa yaron in lokacin horon kamfani ya zo, kada ya nemi inda zai zauna a sanyi yana buga takardu, ya nemi inda za a sa shi a mota tare da tsohon mandub. Bayan kammalawa ma akwai shirin Tamhir na Hadaf, asusun gwamnati na tallafa wa ma'aikata 'yan ƙasa, da ke sanya sababbin masu shaida a kamfani na wasu watanni ana ba su alawus. Mai wayo yakan yi amfani da shi ya shiga layin da yake so.

Duk wannan bayani na masu jinsiyya ne, da 'ya'yan matan da ke da ita, waɗanda doka ke sassauta musu a karatu da aiki. Ba zan yi kamar ban san cewa da yawa daga cikin masu karanta wannan ba sa cikinsu ba. Akwai wanda a Makka aka haife shi, aka haifi ubansa, amma igama yake sabuntawa, ga kuɗin 'yan rakiya, wato iyalin da ke ƙarƙashin igamar mutum, da aka fara a Yulin 2017 da riyal 100 a kan kowane mutum duk wata har ya kai 400 a 2020. Akwai waɗanda rusau ɗin unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, su Sabil da Gulail da Karantina, ya watsa musu kasuwa da maƙwabta a lokaci guda. Ga irin waɗannan, ƙofar kwalejin gwamnati da teburin kanti duk a ƙuntace suke, kuma ba na ba kowa shawarar ya buɗe shago da sunan wani, don dokar tasattur, mai hukunta irin wannan fakewa, da aka sabunta a 2020 ba ta wasa. Sai dai ita sana'ar tambaya da lissafi ba ta da jinsiyya. Mai haɗa mukayyif da ya iya gaya wa maigida gaskiyar abin da ɗakinsa ke buƙata, shi ake kira gobe. Wanda kuma ƙaddara ta mayar da shi Kano ko Damagaram, zai tarar da kasuwar sola da injin ban ruwa da kayan asibiti cike da masu sayarwa, masu tambaya kuwa ƙalilan.

Akwai kuma jarin da yaranmu ke raina wa, wato harshen. Kujerun Hajji da aka ware wa Najeriya a 2023 sun kai 95,000, ban da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, ban da masu Umara da ƙasar ke burin su kai miliyan 30 a shekara nan da 2030. Bayan kowane rukuni akwai wakilin da ke neman otal, motoci, abinci da layukan waya, akwai ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sarin jallabiya da darduma. Kamfanin da ke da mandub ɗan ƙasa mai Larabcin Hijaz, wanda kuma zai juya ya ce "Alhaji, ina gajiya, yaya mutanen gida?" ya samu abin da ba a koyarwa a kowace kwaleji. Abin takaici, da yawa daga 'ya'yan Hausawi da Fallata da Barnawi na yanzu Hausarsu ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, wasu ma kunyar ta suke ji a gaban abokai.

Ranar Juma'ar da ta wuce yaron ya zo cin abinci. Bayan an kwashe kwanuka na ajiye masa wayata a gabansa, tsohuwa mai fasasshen gilashi, na ce ya sayar mini da sabuwa. Ya gyara zama, ya fara zuba: kyamara kaza, batir kaza, ana biya kashi huɗu ta Tamara ba ƙari. Na bar shi ya yi minti uku cur. Da ya tsaya shan iska na ce, "Ka san me nake yi da waya?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Kawu, ban tambaya ba."

Uwarsa na bakin ƙofar kicin da tire a hannu. Ta ce, "Kiran Kano yake yi da ita, sai karatun Alƙur'ani. Ko Inna da ta fara tambayarsa." Ta ajiye shayin, ta dubi ɗan nata, ta tambaye shi ranar da za su fara shiga aji.